Wa ya koya wa Rashawa shan vodka?

Ɗan Bakin Kasuwa: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a shago wani ya kunna mana bidiyon bikin aure na Rasha. Ango da amarya da tsofaffi, kowa da ɗan mitsitsin kofi a hannu, ana ɗagawa ana ihu ana kurɓewa. Abokina ya ce wai su da vodka ake haihuwarsu, sanyin ƙasar ne ya sa, in ba su sha ba jininsu daskarewa zai yi. Ni dai maganar ba ta kwanta mini ba. Baba Injiniya, ku da kuka zauna can, mene ne gaskiyar lamarin?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Yanzu duk abubuwan da ke damun al'umma an gama da su, sai tarihin giya ya rage? Allah ya shirye mu.

Shugaban Zaure: Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. Tambayar tarihi ce, ba talla ba. Makon jiya ma mun yi na taba sigari, kuma kai ka fi kowa rubutu. Wanda ya fara yabon abin ko koyar da yadda ake haɗa shi, ni da kaina zan goge.

Baba Injiniya: Ɗana, abokinka ya faɗi abin da kowa ke faɗa, amma ba haka ba ne. Na yi karatu a Kharkov daga 1983 zuwa 1989, lokacin Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyet, lokacin da gwamnatinmu ke tura yara koyon aikin ƙarfe saboda Ajakuta. Shekara shida na sha sanyin nan da shayi da rigar ulu, jinina bai daskare ba.

Bari in fara da sunan. A harshensu ruwa shi ne voda. Vodka kuwa ƙaramta sunan ne, kamar ka ce "ɗan ruwa". Ka ji yadda ake lallaɓa abu. Kuma ba shi ne tsohon sunanta ba, da can "ruwan inabin burodi" suke ce mata, don da hatsi ake yin ta. 'Yan Yukren suna cewa horilka, 'yan Folan na da suna cewa gorzałka, duka daga kalmar ƙonewa, saboda yadda take ƙona maƙogwaro. Su aƙalla sun faɗi gaskiya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin vodka mutanen nan suna da abin shansu mai sauƙi: giyar zuma, giyar hatsi, da kvas wanda ake yi da burodi, kusan ba ya bugarwa. A bukukuwa ake sha, in an gama girbi ko an yi aure. Mai ƙarfin nan daga baya ta zo, kuma hannun hukuma ne ya raba ta lungu-lungu.

Mai Tarihi: Baba ya taɓo inda nake so. Amma kafin nan bari in ba Malam Na-Zaure wani labari da zai sa ya zauna a muhawarar. Tsohon kundin tarihin Rus, daular da Rasha da Yukren suka samo asali daga gare ta, ya kawo cewa a shekarar 986 Sarki Vladimir na Kiyef yana neman addinin da zai bi da jama'arsa. Musulmin Bulgar na bakin kogin Volga, waɗanda suka karɓi Musulunci a hukumance tun 922 lokacin da Ibn Fadlan ya je musu daga Bagadaza, suka aiko masa da wakilai. Ya saurare su, wasu abubuwan sun burge shi. Da aka zo kan kaciya da haramcin naman alade da giya sai ya ja da baya, ya ce sha shi ne farin cikin mutanen Rus, ba za su iya rayuwa ba tare da shi ba. A 988 ya karɓi Kiristancin Rumawan gabas.

Masana da yawa suna ganin marubutan kundin, waɗanda limaman coci ne da suka zo fiye da shekara ɗari bayan haka, sun ƙara gishiri. Dalilin gaskiya ya fi kusa da siyasa da auren 'yar'uwar sarkin Rumawa. Kuma ko ya faɗa, ba vodka yake nufi ba, don lokacin babu ita. Amma Rashawa har yau suna jawo wannan magana in suna so su kare kansu.

Malam Na-Zaure: Innalillahi. Wato kofi ɗaya ya hana ƙasa guda shiriya. To na zauna. Ci gaba.

Ɗan Bakin Kasuwa: Haha, Malam ya gyara zama. To su waye suka fara yin ta? Na ga wani ya rubuta wai Folan ce, ba Rasha ba.

Mai Tarihi: Wannan rigima ce da ba ta ƙarewa, kamar rigimar dafa-dukar Najeriya da Gana. 'Yan Folan suna nuna takardar kotun Sandomierz ta 1405 inda kalmar ta fara fitowa a rubuce, kodayake a lokacin magani ake nufi, abin shafawa da wanke ciwo. Rashawa kuma suna cewa 'yan kasuwar Jenowa ne suka kawo barasar da aka tace Mosko a ƙarshen ƙarni na 14, daga nan aka koyi yi da hatsin gida.

Ita dabarar tacewa da turiri ba tasu ba ce su duka. Masanan duniyar Musulmi irin su Jabir ibn Hayyan da al-Kindi da ar-Razi sun yi aiki sosai a kanta, don turare da ruwan wardi da magani. Tukunyar tacewar da Turawa ke kira alembik daga al-anbiq ta fito. Ita kanta kalmar alkohol daga al-kuhl take, wato kwalli, wannan da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Turawa suka ɗauki kalmar da ma'anar abu mai laushi da aka tace, a hankali ta koma kan barasa.

Hajiya Likita: Kwalli kuma! Yau na ƙaru. Bari in sa baki kan maganar sanyi, don ita ce ƙaryar da ta fi kashe mutane. Barasa ba ta ɗumama jiki. Buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata take yi, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji zafi-zafi a fuska, alhali zafin cikinsa ne ke fita. Ga shi kuma ta kashe masa hankalin da zai ce ya nemi mafaka. Sai ya zauna a kan benci cikin ƙanƙara ya yi barci, shi ke nan.

Bambancin vodka da irin su burukutu shi ne ƙarfi. Duk abin da aka bari ya yi tsami da kansa ba ya wuce kashi goma sha wani abu cikin ɗari, don barasar da kanta tana kashe yis ɗin da ke samar da ita. Tacewa ce ke ƙetare wannan iyaka, saboda barasa tana tafasa a kan digiri 78, ruwa kuwa sai 100. A masana'anta ana kai ta wajen kashi 96, sannan a sirka da ruwa ta dawo 40. Ba launi, kusan ba wari. Shi ya sa take shiga ba sallama.

Baba Injiniya: Hajiya, abin da kika faɗa na gani da idona. Suna da wata kalma mai ban tsoro, podsnezhniki. Asalinta sunan wani ɗan fure ne da ke fitowa in ƙanƙara ta fara narkewa. Amma 'yan sanda da ma'aikatan asibiti suna kiran gawawwakin da ake tsinta a ƙarƙashin ƙanƙara a watan Maris da Afrilu da wannan suna.

Yanzu in koma kan hannun hukuma. Bayan Ivan na huɗu, wanda ake wa laƙabi da Mai Ban Tsoro, ya ci Kazan da yaƙi a 1552, aka fara buɗe gidajen sha na sarki, ana kiran su kabak. Ba gidan cin abinci ba ne, sha kawai. Mai kula da gidan sai ya sumbaci gicciye ya rantse zai tara wa sarki kuɗi, shi ya sa sunan aikinsa ma "mai sumba". In kuɗin shekara bai kai ba, shi da unguwarsa za su cika. Jakadan Ingila Giles Fletcher da ya je Mosko a 1588 ya rubuta cewa ba wanda ya isa ya janye mutum daga kabak, ko matarsa ce, don hakan tauye kuɗin shigar sarki ne. Mutum zai sha har ya jinginar da rigarsa.

Ka ga ke nan ba wai talaka ya tashi da ƙishirwa sarki ya tausaya masa ba. Baitulmali ne ke da ƙishirwa. A ƙarni na 19 kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar daular daga vodka yake fitowa. Da shi ake biyan soja, da shi ake gina fadoji.

Ɗan Damagaram: Baba, da girmamawa, ina da ja. Gwamnati ba ta ɗura wa kowa a baki. In babu mai so, kabak ɗin rufewa zai yi. Mu nan ma akwai wuraren sha a Yamai da Damagaram, doka ba ta hana ba, amma yawancin mutane ba sa zuwa. Ina ganin ɗora wa sarki laifi duka kamar wanke mashayin ne.

Mai Tarihi: Ɗan'uwa, jan naka yana da ƙarfi, amma ga abin da ya faru da suka gwada bari. A 1858 da 1859 manoma a larduna da yawa suka gaji. Lokacin gwamnati tana sayar wa attajirai izinin cinikin vodka na yanki-yanki, su kuma su tsawwala kuɗi su sirka da ruwa. Ƙauyuka suka riƙa taruwa a gaban coci suna rantsuwa ba mai ƙara sha, wanda ya karya a ci shi tara ko a yi masa bulala. Ciniki ya faɗi warwas. Me hukuma ta yi? Ma'aikatar kuɗi ta sa aka haramta irin wannan yarjejeniya ta ƙauye. Da mutane suka fusata suka fara farfasa gidajen sha a 1859, soja aka turo musu, aka kama ɗaruruwa, aka kai wasu Saberiya. Wato an hukunta talaka saboda ya ƙi sha. A 1863 aka soke tsarin 'yan kwangilar aka koma haraji, a 1894 kuma ministan kuɗi Sergei Witte ya fara mayar da cinikin gaba ɗaya hannun gwamnati.

A Folan ma haka, sai dai can masu gonaki ne. Akwai dokar da ake kira propinacja: mai ƙasa shi kaɗai ke da ikon dafawa da sayarwa a ƙasarsa, manomansa ba su da damar saya a wani wuri, wasu ma da barasar ake biyan su wani ɓangare na lada. Hatsin da ya kasa kai wa kasuwa sai ya mayar da shi ruwa ya sayar wa wanda ya noma shi. Da dankalin turawa ya yaɗu a ƙarni na 19 abin ya ƙara araha.

Ɗan Damagaram: To wannan ban san da shi ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa mutum yana da zaɓi.

Baba Injiniya: Yana da shi, ba wanda ya musa. Na san Rashawa da ba sa taɓawa, musamman mabiya tsohuwar ɗariƙar coci da 'yan Baftis. Amma ɗana, abin da aka shekara ɗari huɗu ana shukawa yakan zama al'ada ta gaske, har ya shiga gaisuwa da makoki. Bari in ba ku abin da na gani.

Shekarata ta biyu, mahaifin abokin ɗakina ya rasu, na bi shi ƙauyensu. Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna a dogon tebur. A gefe, gaban hoton mamacin, an ajiye kofi cike da vodka an rufe bakinsa da yankan baƙin burodi. Na mamacin ne, ba mai taɓawa, haka zai zauna har ya ƙafe. Aka zuba wa kowa. A makoki ba a haɗa kofi da kofi, shiru ake sha. Da aka zo kaina na ce ni Musulmi ne. Wani kawunsa ya ɓata rai, ya yi mini tambayar da duk wanda ya zauna can ya sani: "Kana girmama ni kuwa?" Wato ƙin sha da shi raini ne. Tsohuwar gidan ce ta cece ni. Ta daka masa tsawa, ta kawo mini ruwan dafaffen 'ya'yan itace da suke kira kompot, ta ce yaron nan ya taso daga Afirka ya zo binne ɗan'uwanka, wane girmamawa ya wuce wannan. Har yau ina yi wa matar nan fatan alheri.

Kuma suna da ƙa'idoji kamar na cin tuwo a gidan surukai. Ba a sha sai an yi jawabi, don lafiyar wane, don iyaye, don mata. Ba a kurɓa kaɗan-kaɗan, a tashi ɗaya ake juyewa, a bi da abin taɓawa da suke kira zakuska: kokwamba mai tsami, kifi mai gishiri, kitsen alade, baƙin burodi. Wanda ba shi da abin ci sai ya sunsuni burodin ko hannun rigarsa. Ba a barin kwalbar da ta ƙare a kan tebur, ƙasa ake sauke ta. A biki in an ji suna ihun "gorko", wato "da ɗaci", ango da amarya ake so su sumbaci juna su zaƙaƙa abin. Ina jin shi ne ihun da ka ji a bidiyon. Soja in ya sami lambar yabo, cikin kofin ake jefa ta, ya shanye ya kamo ta da haƙori. Har sabuwar mota ko firji sai an "wanke" ta da kwalba. A ƙauye kuwa kwalba kuɗi ce: mai tarakta ba zai nome maka fili don rubul ba, amma zai yi don rabin lita.

Ɗan Bakin Kasuwa: Baba wallahi kamar ina kallon fim. To su 'yan gurguzu da suka ce sun zo ceton talaka, me ya sa ba su hana ba?

Mai Tarihi: Gadon hanin ma suka yi. Sarki Nikolas na biyu ya hana sayarwa a 1914 da aka fara Yaƙin Duniya na ɗaya, don ya tuna yadda buguwa ta ɓata tara soja a yaƙinsu da Japan. Sai ya zama ya datse wa kansa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shiga a daidai lokacin da ya fi buƙata, aka koma buga takardun kuɗi, farashi ya haukace. Lenin ya ci gaba da hanin. Amma a 1925 aka dawo da vodka mai cikakken ƙarfi a hannun gwamnati. Stalin bai ɓoye dalili ba, ya ce zaɓi biyu ne, ko su ci bashin 'yan jari-hujjar Yamma su zama bayinsu, ko su sayar da vodka su gina masana'antu. A yaƙi da Hitila kuma, daga Satumba 1941, sojan da ke bakin daga yana da giram 100 kullum a cikin rabonsa. Miliyoyin samarin ƙauye da suka tsira daga yaƙin sun koma gida da wannan sabo.

Wani abu kuma, za ku ji ana cewa Mendeleev, mai jadawalin sinadarai, shi ya ƙirƙiro ma'aunin kashi 40. Ba haka ba ne. Ya dai rubuta kundin digirinsa a 1865 kan haɗuwar barasa da ruwa, amma 40 ɗin ma'aunin masu karɓar haraji ne. 'Yan talla ne suka liƙa masa.

Malam Na-Zaure: Duk wannan ya ƙara mini yaƙini. Ku duba hikimar Alƙur'ani. Ba a hana giya rana ɗaya ba. A Baƙara aya ta 219 aka ce akwai zunubi babba da wasu amfanoni, zunubin ya fi. A Nisa'i aya ta 43 aka ce kada a kusanci salla cikin maye. Sannan a Ma'ida aya ta 90 aka rufe ƙofa. Kafin hukuncin ya sauka an riga an gyara zukata, shi ya sa mutanen Madina suka zubar da tulunansu da hannunsu. Kuma ba a ce baitulmali ya ci riba da ita ba. Su waɗannan suna hanawa da dama suna karɓa da hagu.

Baba Injiniya: Malam, hanin rana ɗaya kuwa a gabana aka yi shi. Mayu 1985, Gorbachev bai fi wata biyu da hawa ba, ya ƙaddamar da yaƙi da sha. Aka rufe shaguna da yawa, waɗanda suka rage ba sa fara sayarwa sai ƙarfe biyu na rana, su rufe bakwai. Kwalbar da na tarar ana sayarwa rubul 4 da kobek 70, wadda suke kira Andropovka da sunan shugaban lokacin, ta haura rubul 9. Aka sassare gonakin inabi a Kirimiya da Moldoba. Mutane suka daina ce masa babban sakatare, suka koma "sakataren ruwan kwalba". Ana nuna bikin aure marar giya a talabijin, alhali a butar shayi ake zuba ta.

Mu da ba ma sha ma abin ya taɓa mu. Sukari ya ɓace daga kanti, don kowa ya koma dafa tasa a gida, samogon. Sai da kati ake ba da sukari. Ni da nake neman na shayin sahur sai in yi layin awa guda. Turaren maza mai araha ma ya yi wuya, shanye shi ake yi. Akwai barkwancin da ake yi a layi: wani ya gaji da jira ya ce zai je fadar Kremlin ya kashe Gorbachev. Bayan awa ɗaya ya dawo. Aka ce ka kashe shi? Ya ce ina, layin can ya fi wannan tsawo.

Kafin 1988 ta ƙare an sassauta, don ramin da abin ya haƙa a kasafin kuɗi ya yi zurfi, ga farashin man fetur ya faɗi.

Hajiya Likita: Amma Baba a yi wa mutumin adalci. Ana yi masa dariya, alƙaluma kuwa suna bayansa. Matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya tashi daga kusan shekara 62 a 1984 zuwa kusan 65 a 1987. Shekara uku cikin shekara uku, ba wani sabon magani, ba sabon asibiti. Da Sobiyet ta rushe, shugaban Rasha Yeltsin ya saki cinikin a 1992, barasa mai arha ta cika kiyos-kiyos dare da rana, zuwa 1994 adadin ya faɗo ƙasa da 58. Mazan da ke tsakiyar ƙarfinsu ne suka riƙa zubewa: bugun zuciya, haɗari, faɗa, kashe kai. Matsalar ba yawan abin da ake sha a shekara kaɗai ba ce, salon shan ne. Suna da kalma, zapoi, mutum ya yi kwana uku ko mako yana sha ba ya farfaɗowa.

Ɗaya gefen kuma shi ne na jabu. Disamba 2016 a Irkutsk mutum fiye da 70 suka mutu bayan sun sha wani ruwan wanka mai arha da aka saba sha a madadin vodka, ashe an sa masa methanol, wata irin barasa mai guba. Ƙaramin cokali biyu na methanol ya isa ya makantar da mutum. Irin wannan ya faru a nan gida a 2015, a Ondo da Ribas, da ogogoro.

Ɗalibi a Kazan: Salamu alaikum iyayena, na makara, yanzu na fito daga aji. Baba Injiniya, Rashar da kuka bari ta ɗan canza. Yanzu ba a sayar da barasa a kanti daga 11 na dare zuwa 8 na safe a duk ƙasar, wasu yankunan sun ƙara tsanantawa. An sa mafi ƙarancin farashin vodka tun 2010, an hana talla a talabijin. Giyar kwalba ma da, kamar lemo ake ɗaukarta a doka, sai a 2011 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da ita barasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan ya ragu da kashi 43 cikin ɗari tsakanin 2003 da 2016. 'Yan ajinmu da yawa sun fi son gahawa da wurin motsa jiki, vodka a wurinsu abin kawu ne da kaka.

Nan Tatarstan kuma abin mamaki ne. Ga masallacin Kul Sharif a cikin ganuwar birni, ga gidajen abincin halal ko'ina, ga kuma babban kamfanin vodka na jamhuriyar. A biki ɗaya za ka ga teburin dattawa da shayi da addu'a, in sun tashi a fito da kwalabe. A Checheniya kuwa awa biyu kacal ake yarda a sayar da safe, 8 zuwa 10. Har yanzu dai in ka ce ba ka sha, wani zai tambaye ka ko ba ka da lafiya, amma da ka ce Musulmi ne kai an gane.

Baba Injiniya: Madalla ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka ga abin da ya yi aiki ke nan: matsi a hankali, ta farashi da lokaci, shekara da shekaru.

Ɗan Bakin Kasuwa: To ya aka yi ta cika duniya? Har a Sabon Gari ana ganin Smirnoff.

Mai Tarihi: Wannan aikin Amurka ne. Pyotr Smirnov ɗan manoma ne da ya kafa masana'anta a Mosko a shekarun 1860 har ya zama mai kai wa fada. Bayan juyin 1917 ɗansa Vladimir ya gudu, ya ƙare a Faransa, ya sayar da sunan ga wani ɗan gudun hijira a Amurka. Kasuwa ta ƙi, Amurkawa wiski suka sani. A 1939 kamfanin Heublein ya saye shi da dala 14,000, suka tallata ta a matsayin farin wiski marar ɗanɗano marar wari, abin sirkawa da lemo. Yau sunan na kamfanin Diageo ne na Ingila, ba ruwansa da Rasha. Ita Stolichnaya kuma, vodkar Sobiyet, ta bazu a Amurka ne ta musayar da aka ƙulla a 1972: Pepsi ta kai lemonta Sobiyet, aka biya ta da vodka, don rubul ba ya canzuwa a waje.

Ɗan Damagaram: Mai Tarihi, tun ɗazu ina tunani. Wannan na gwamnati ta rayu da kuɗin giya, ba a yi shi a ƙasashenmu ba?

Mai Tarihi: An yi mana. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba Turawa damar hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Lugga kuma ya sa Arewacin Najeriya cikin yankin hani. A Kudu kuwa jin ɗin Holan da Jamus, wato barasarsu mai ƙarfi, ya yi yawa har kwalbarsa ta zama kuɗin ciniki a yankin Neja Delta, kuma kafin 1914 harajinsa yakan kai rabin kuɗin shigar gwamnatin Kudu, wasu shekarun ya wuce. Arewa lokacin ba ta iya riƙe kanta, tallafi ake ba ta. Ɗaya daga cikin dalilan haɗe ƙasar a 1914 shi ne a cike gibin Arewa da rarar Kudu. Sai ka lissafa da kanka daga ina wani kaso na rarar ya fito. Da mutanen Kudu suka koyi tace tasu a shekarun 1930, sai Bature ya sa mata suna haramtacciya, don ba ta biyan kwastan.

Hajiya Likita: To ai har yau ba mu fita ba. Hisba tana farfasa kwalabe a Kano, ana kuma raba harajin VAT na ƙasa baki ɗaya da na giyar a ciki. Ga barasar 'yan ƙananan leda da NAFDAC ta ce ta hana a 2024, har yanzu ana ta ja-in-ja da masu masana'antu kan ayyukan da za a rasa.

Malam Na-Zaure: Hajiya kin taɓo wata muhawarar daban, kuma ina da amsa a kanta, doguwa ce.

Shugaban Zaure: Malam a ajiye ta zuwa gobe, a buɗe mata nata zaren, don na san in aka fara maganar VAT ba mai barci yau. Baba Injiniya, wani ya turo mini tambaya ta gefe, yana jin kunyar yi a fili: wai shekara shidan nan, ko sau ɗaya ba ku ɗanɗana ba?

Baba Injiniya: Ka gaya masa ya fito fili ya tambaya da sunansa, in ya so in ba shi amsa. An kira Isha'i a nan, sai da safenku.